Firji Ya Ƙi Sanyi Bayan Gyara: A Daina Gaggawar Ƙara Gas

Assalamu alaikum Malam Edita,

Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi bayani a kan wani abu da ke yawan haɗa mai firji da mai gyara rigima. An yi wa firji aiki, ko an canza masa kwamfaresa, ko an liƙe inda yake yoyo, an sa gas, an kunna. Kwana biyu ko mako guda sai ya koma gidan jiya: sama ba ƙanƙara, ƙasa ba sanyi, inji kuwa yana ta gurnani dare da rana ba hutu. Mai firji ya ce gas ɗin da aka sa masa bai isa ba. Mai gyara, don a zauna lafiya, ya ɗauko gwangwani ya ƙara. Sau da yawa wannan ƙarin ne ke ƙarasa kwamfaresan, a yi gyaran gangar Auzinawa.

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne firji ba ya shan gas yadda mota ke shan mai. Gas ɗin yana zagayawa ne a cikin bututu rufaffe. Kwamfaresa ya matse shi ya tura shi kwandensa, wato bututun nan mai zafi da ke bayan firji ko a ɓoye cikin bangonsa, a nan ya huce ya zama ruwa. Daga nan ya ratsa diraya, wadda ke tace datti da tsotse laima, ya shiga kafilari, siririn bututun jan ƙarfe da raminsa bai kai milimita ɗaya ba, tsawonsa kuwa yakan kai mita biyu zuwa huɗu. Yana fitowa daga wannan matsatsi sai ya faɗa farantin sanyi, ya tafasa ya koma tururi, yana kwashe zafin cikin firji, sannan ya biyo bututun dawowa ya koma kwamfaresa. In babu ɓula, gas ɗin da kamfani ya zuba zai kai firjin har ƙarshen rayuwarsa. Duk firjin da gas ya ragu a cikinsa bayan gyara, ɗayan biyu ne: ko tun farko ba a zuba daidai ba, ko akwai inda yake tsiyaya.

Yawan gas ɗin kuma ɗan mitsitsi ne. A duba takardar da ke manne a bayan firji ko a bangonsa na ciki, za a ga sunan gas da nauyinsa. Firjin gida mai R134a yawanci yana ɗaukar giram 80 zuwa 200. Mai R600a kuwa giram 30 zuwa 80 ne galibi, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ba ta yarda ya wuce giram 150 ba saboda yana kama wuta. Firji mai kafilari ba shi da tankin ajiyar rara, don haka abin da aka zuba duk yana cikin aiki. A firjin da ke son giram 45, ragin giram biyar ko ƙarinsa ya haura kashi goma cikin ɗari, kuma za a gani a aikinsa. Babu hannun da ke iya auna giram biyar da murɗa bawul, komai daɗewarsa a sana'a.

Kafin ma a ambaci gas, a fara kawar da abubuwan da ke kwaikwayon ciwonsa. Kwandensa da ƙura ta lulluɓe, ko firjin da aka manna da bango babu hanyar iska. Fankar kwandensa ko ta cikin firiza da aka manta ba a mayar da wayarta ba bayan gyara, abin da ke faruwa fiye da yadda ake zato. Robar ƙofa da ta saki. A maƙale takarda a rufe, in ta zare ba gardama to robar ta gama aiki. A firji marar tara ƙanƙara, hitar narkarwa ko na'urar da ke kunna ta in ta mutu, farantin sanyi zai daskare ya zama dunƙule, iska ta kasa ratsawa, ƙasa ya ɗumame alhali gas na nan cif. Sai wuta mai rauni, da rile (mai tayar da inji) ko obalod (mai yanke masa wuta in ya yi zafi) da bai dace da sabon kwamfaresa ba, wanda zai sa a riƙa jin ƙas, ƙas, inji na tashi yana faɗuwa. A duba ajin yanayin firjin ma: mai alamar N an gina shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST digiri 38, T digiri 43. Firji mai N a ɗaki mai digiri 40 zai yi ta aiki ba tsayawa ko da gas ɗinsa daidai yake.

Sai batun haƙuri. Firjin da aka kunna yana da ɗumi, matsin ɓangaren dawowa yakan hau sosai a farko, ya riƙa sauka a hankali yayin da ciki ke sanyi. Wanda ya karanta geji, wato ma'aunin matsin gas, a minti biyar na farko ya karanta ƙarya. A ba shi aƙalla awa ɗaya ƙofa a rufe kafin a yanke hukunci, cikakken zama kuwa sai ya kwana ya yini. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne firiza ta kai digiri 18 ƙasa da sifiri, ɓangaren ƙasa ya tsaya tsakanin digiri 3 zuwa 5, kwamfaresa kuma ya riƙa yankewa da kansa yana hutawa.

To, in an tabbata matsalar a cikin bututu take, da me ake karanta ta? Da shaidu biyar, kuma babu wanda ake yarda da shi shi kaɗai: yadda farar ƙanƙara ta kwanta a farantin sanyi, zafin kwandensa daga sama har ƙasa, sanyin bututun dawowa daf da kwamfaresa, wutar da kwamfaresa ke ja, sai geji a ƙarshe. Da gangan muka ajiye geji a baya, domin duk lokacin da aka jona tiyo ana asarar gas ko a shigar da iska, a firji ƙarami kuwa wannan asarar kaɗai ta isa ta canza sakamakon binciken.

Firji mai lafiya, in an buɗe murfin farantin sanyinsa bayan ya yi awa yana aiki, za a tarar da ƙanƙara siririya, fara, ta rufe shi bai ɗaya daga mashiga har mafita. Kwandensa zai yi zafi a inda gas ke shiga, zafin na raguwa sannu a hankali har ya zama ɗumi-ɗumi a bakin diraya. Bututun dawowa, in aka taɓa shi kamar taƙi ɗaya kafin kwamfaresa, za a ji shi da ɗan sanyi kaɗan ko daidai da ɗaki, a bushe. Dalili kuwa shi ne an haɗe kafilari da wannan bututu jiki da jiki don su yi musayar zafi, saboda haka gas ɗin da ke komawa ya riga ya ɗumama kafin ya iso.

In gas ya yi kaɗan, ruwansa yana ƙarewa tun bai gama zagaye farantin ba. Sai a ga ƙanƙara ta taru a kashi ɗaya cikin uku ko rabi na farko, wani lokaci ƙulli guda mai kauri daidai bakin kafilari, sauran farantin kuwa tsirara ko jiƙe da raɓa. Kwandensa ɗumi kawai, ba ya cizon hannu. Wutar da inji ke ja ta faɗi ƙasa da yadda aka saba, don ba shi da kayan ɗauka. A kasa kunne a bakin farantin, za a ji huci mai yankewa, tsss, ya yi shiru, ya dawo, maimakon kwararar ruwa mai ɗorewa. Jikin kwamfaresa kuma yakan yi zafi fiye da kima, domin gas mai dawowa shi ke sanyaya masa waya, ga shi kuma ba ya hutawa.

A nan ne gizo ke saƙa. Toshewar kafilari ko diraya tana ba da kusan waɗannan alamu duka: rabin ƙanƙara, ƙarancin jan wuta, allurar geji ta nutse ƙasa. Gas na nan a ciki, amma ya taru a kwandensa ya kasa wucewa, farantin sanyi na fama da yunwa kamar dai babu shi. Wanda bai bambance ba zai ƙara gas, allura ta ɗan motsa, ya sake ƙarawa, har kwandensa ya cika da ruwa, matsin ɓangaren turawa, wato daga kwamfaresa zuwa kafilari, ya yi tashin gwauron zabo, kwamfaresa ya shiga yankewa da obalod.

Hanyar raba gardama mafi sauƙi ita ce a kashe firjin a zuba wa geji ido. In hanya a buɗe take, gas zai ci gaba da bi ta kafilari har matsin ɓangarorin biyu ya daidaita, allurar ɓangaren dawowa ta hau cikin 'yan mintoci, sai dai in gas ya yi kaɗan za ta tsaya a ƙasa. In akwai toshewa, allurar za ta riƙa jan ƙafa, minti goma sha biyar, rabin awa, ko ta kafe inda take. Ko babu geji ana iya ganewa: a kashe, a jira minti goma, a kunna. Kwamfaresan da ya yi gunji ya kasa tashi bayan wannan jira yana fama da matsin da ya ƙi sauka. A shafa diraya kuma. Mashigarta da mafitarta ya kamata ɗuminsu ya zama ɗaya. In mafita ta fi sanyi, ko tana gumi, ko ta yi fari, to a cikinta toshewar take. Kwandensa ma yana magana: ɗan yanki a sama da zafi, sauran duka ya koma daidai da ɗaki, saboda ruwan gas ya daɗe kwance a ciki ya huce.

Akwai gwaji guda da ya halatta, in an yi shi da sikeli. A zuba ɗan gas da aka auna, kamar giram goma na R134a ko biyar na R600a, a jira minti goma sha biyar. In ƙanƙara ta ƙara miƙewa a faranti, jan wuta ya ɗan hau, kwandensa ya ƙara zafi, to ragin gas ne. In faranti bai canza ba, a ajiye gwangwani. Ko da gwajin ya nuna ragi ne, aiki bai ƙare ba, domin har yanzu ba a san ko giram nawa ke ciki ba, ba a kuma san inda sauran ya bi ba.

Toshewar ma iri biyu ce, kuma tarihin firjin ne ke faɗa. Wadda laima ke haddasawa tana da hali na ban haushi: firji ya fara sanyi lafiya lau, mai gyara ya tattara kayansa ya tafi, bayan rabin awa ko 'yan awoyi sanyi ya ɗauke ɗif. A kashe shi ya kwana, da safe ya sake yin kamar ya warke. Ɗigon ruwa ne ke zagayawa tare da gas, in ya iso bakin kafilari inda sanyi ya fi tsanani sai ya daskare ya rufe ramin. A ɗora tsumma mai ruwan ɗumi a wurin. In aka ji gas ya ɓalle da ƙugi, sanyi ya dawo, an kama ɓarawon. Wannan ya fi addabar firji mai R134a, domin man kwamfaresansa, wanda ake kira POE, yana zuƙar laima daga iska kamar soso. Kwamfaresa irin wannan bai kamata a bar bakinsa a buɗe fiye da kwata na awa ba. Ɗaya toshewar kuwa, ta datti, ba ruwanta da ɗumi ko hutu, kuma galibi daga hannun mai gyara take fitowa. Walda ba tare da an bar naitirojin na bi ta cikin bututu a hankali ba tana haifar da baƙin ɓawo a ciki, wanda ke ɓamɓarowa ya tafi kafilari. Yanke kafilari da filaya yana matse bakinsa. A zana shi da magagari a karya, ko a yi amfani da almakashinsa na musamman. Sannan zurfin da ake cusa shi cikin diraya: kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In bai shiga sosai ba, narkakken ƙarfen walda ya kwarara ya rufe bakinsa. In ya zarce, ya tokari ragar da ke ciki. Ita dirayar a kafa ta bakin kafilari na kallon ƙasa, don ruwan gas ya riƙa taruwa a mashigarsa.

Yawan gas ya fi sauƙin ganewa, amma shi ne aka fi ɗauka a matsayin nasara. Farantin sanyi ya rufe duka, ƙanƙara ta biyo bututun dawowa ta fito waje, wani lokaci har jikin kwamfaresa, ruwa na ɗiga a bayan firji. Wasu masu gyara wannan suke jira su gani kafin su rufe bawul, suna cewa gas ya zagayo. Gaskiyar magana, ya zagayo ya wuce gona da iri. Matsin ɓangaren dawowa ya hau, shi kuwa gas gwargwadon hawan matsinsa gwargwadon hawan zafin da yake tafasa a kai, don haka farantin ya yi fari fat amma sanyinsa ba ya nisa. Firiza ta tsaya a digiri 8 ko 10 ƙasa da sifiri, tamostat, na'urar da ke kashe inji in sanyi ya kai, bai ga abin da zai sa ya yanke ba, inji ya yi ta aiki yana jan wuta fiye da ƙa'ida, kwandensa zafi daga sama har ƙasa. Mafi muni, ruwan gas na komawa cikin kwamfaresa ya tsinka mai, ya wanke shi daga jikin ƙarafa, in ya shiga silinda kuma ya daki bawul, domin ruwa ba ya matsuwa. Sautin injin yakan canza ya yi nauyi, da ƙwanƙwasa lokacin tashi.

A nan dole mu tsaya kan R600a, don a kansa aka fi yin ɓarna. R134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifiri in matsinsa daidai yake da na iskar waje, shi ya sa firji mai shi in ya zauna allura takan tsaya tsakanin sifiri da 5 a ma'aunin matsi na psi. R600a kuwa a wajen digiri 12 ƙasa da sifiri yake tafasa. Kafin farantinsa ya kai digiri 25 ƙasa da sifiri, wanda firiza ke buƙata, dole matsin ya sauka ƙasa da na iskar waje, wajen 0.3 zuwa 0.5 ƙasa da sifirin geji a ma'aunin matsi na bar. Wato allura a cikin bakiyum ita ce lafiyarsa. Mai gyaran da hannunsa ya saba da R134a, in ya ga allura a ƙasa sai ya ce babu gas, ya yi ta ɗurawa har ta haura sifiri. A lokacin ya cika firjin fiye da ƙima nesa ba kusa ba, kuma firizar ba za ta taɓa kai inda ake so ba. Wani abin lura kuma: tunda ɓangaren dawowa a bakiyum yake aiki, ɓula a nan tana zuƙar iska da laima ciki yayin da inji ke aiki, ta fitar da gas in ya tsaya. Haka tiyon da ba a kore iskar cikinsa ba, ana jona shi firjin ya shanye ta.

Ita iska a cikin bututu ba ta zama ruwa a kwandensa, sai ta tsaya ta cinye wuri. Alamarta matsi mai yawa a ɓangaren turawa, bututun da ke fita daga kwamfaresa ya yi zafin da ba a iya taɓawa, jan wuta ya hau, sanyi kuma rabi-rabi, amma bututun dawowa a bushe, wanda shi ke raba ta da yawan gas. Asalinta kusan kullum rashin jan bakiyum na kirki ne, wato zuƙe iska da laima daga bututu kafin a zuba gas.

Kwamfaresan da bawul ɗinsa ya gaji, musamman na hannu da aka ciro daga wani firji, shi ma yana shiga wannan layi. Matsin dawowa ya ƙi sauka, na turawa ya ƙi hawa, kwandensa ko ɗumi da ƙyar, jan wuta ƙasa, faranti gumi kawai yake ba ƙanƙara, ana kashewa kuma allura ta daidaita nan take. Babu yawan gas da zai gyara wannan. A kula kuma da kwamfaresa mai inbata, wanda gudunsa ke sauyawa: jan wutarsa na hawa da sauka bisa umarnin allon lantarki, don haka ba a yi masa hukunci da amfiya, wato awon jan wuta, da aka karanta sau ɗaya.

Sai zuba gas ɗin da ba na firjin ba. Kwamfaresan R600a silindarsa ta kusa ninka ta R134a mai ƙarfi ɗaya, saboda tururin R600a ba shi da nauyi. A zuba masa R134a, kaya sun fi ƙarfin motarsa, ya yi zafi ya yanke, ga shi mansa ba ya gauraya da wannan gas. A yi akasin haka, sanyi ya yi rauni. R22 na na'urar sanyaya ɗaki matsinsa ya fi ƙarfin firji gaba ɗaya. Gas na girki kuwa, duk da danginsu ɗaya da R600a, gauraye ne da furofen, da laima, da sinadarin wari da ake sa masa don a ji in yana yoyo, alhali na firji tacacce ne da ya kai kashi 99.5 cikin ɗari. Jabun gas ma ba wasa ba ne: a 2011 wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Birazil, aka rasa rayuka, bincike ya gano jabun R134a ne da aka gauraya da R40, wanda ke cin alminiyam. Abin da ke rubuce a jikin kwamfaresa da takardar firji, shi kaɗai ake zubawa. Tsohon firji mai R12, wanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yi, shi ma ba a juye masa R134a haka kawai ba tare da an canza mai da diraya ba.

In bincike ya nuna ragi ne, sai neman ɓula, kuma a fara da wuraren da aka taɓa a gyaran da ya wuce. Kowace walda a duba ta ta baya da madubi, don can ne wuta ba ta kaiwa sosai. Bawul ɗin nan mai huda bututu da ake ɗaurawa don a duba matsi na wucin gadi ne. Robarsa na bushewa, in an bar shi a jiki shi ne zai zubar da gas ɗin cikin watanni. Daga nan sai mahaɗar alminiyam da jan ƙarfe a bakin farantin sanyi, da bututun da ke bi ta cikin tiren ruwa a kan kwamfaresa, wanda tsatsa ke ci, da bututun ɗumi da ke zagaye bakin ƙofa a cikin soson bango. Alamar maiƙo a jikin bututu shaida ce, domin inda gas ya fita mai na biyo shi. A cika da busasshen naitirojin ta hanyar regileta, kada a wuce matsin da takardar firji ta nuna, galibi wajen bar 10 a ɓangaren dawowa, don farantin alminiyam yana kumbura. A shafa kumfar sabulu, a bar geji a jiki na wasu awoyi. In matsi na sauka amma ba a ga kumfa ba, a raba ɓangaren turawa da na dawowa a gwada kowanne shi kaɗai. Iskar oksijin ta walda kada a kuskura a matsa ta ciki. In ta haɗu da man kwamfaresa fashewa take yi.

Maganin duk waɗannan, in ban da gajiyayyen kwamfaresa, hanya ɗaya ce, kuma ba a tsallake mataki. A kwashe gas ɗin da ke ciki gaba ɗaya. A yanke tsohuwar diraya da abin yanka bututu, kada a cire ta da wuta, don zafi na korar laimar da ta tsotsa ta koma cikin bututu. A busa naitirojin ta kafilari a tabbatar yana fita. A sa sabuwar diraya da aka ɓare yanzu, wadda ta dace da gas ɗin, girmanta kuma daidai da ta asali. A gwada yoyo. Sannan a ja bakiyum da famfon bakiyum na gaske har ya sauka maikiron 500 ko ƙasa (maikiron awon ragowar matsi ne a cikin bakiyum), in da hali ta ɓangarori biyu, domin jan iskar kwandensa ta cikin ramin kafilari aiki ne mai cin lokaci. Tsohon kwamfaresa da ake mayarwa famfo ba ya kaiwa kusa da nan, haka dabarar barin firji ya fitar da iskar kansa. Geji na allura ma ba ya iya nuna bambanci: inci 29 na bakiyum da yake nunawa ya haura maikiron 20,000, ruwa kuwa bai gama fita ba a nan. A rufe bawul a jira minti goma zuwa sha biyar. In matsi ya yi ta hawa ba tsayawa, ɓula ce. In ya hau ya tsaya a wani wuri, laima ce ta rage, a ci gaba da ja.

Daga nan a ɗora gwangwani a kan sikeli mai karanta giram ɗaya ɗaya, a zuba abin da takarda ta ce. A tuna da tiyo: mai tsawon mita ɗaya da rabi in ya cika da ruwan R600a yana riƙe fiye da giram goma, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da wani firjin ke buƙata. A yi amfani da gajere, a cika shi da gas kafin a mayar da sikeli sifiri, ko a bar inji ya zuƙe abin da ya rage a ciki kafin a cire. A matse bututun caji, wanda aka zuba gas ta cikinsa, da filayar matsewa, a rufe bakinsa, a sake shafa kumfa a wurin bayan an kashe inji matsi ya hau.

Shi R600a ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, kuma yana kamawa da zarar ya kai wajen kashi 2 cikin ɗari na iskar wuri. A yi aikinsa inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta da soket mai tartsatsi, kuma ba a kusantar bututunsa da wutar walda sai an fitar da gas, an ja bakiyum, an wanke da naitirojin, saboda wani kaso na gas ɗin yana narke a cikin man kwamfaresa yana fitowa a hankali.

Shi kuma mai firji, ba sai ya iya karanta geji ba. Ya tambaya giram nawa aka zuba, ya gwada da takardar bayan firjinsa. Ya tambaya ko an canza diraya, ya nemi ganin tsohuwar. Ya duba ko an bar bawul mai huda bututu a jiki. Ya sa ma'aunin zafi a firiza ya rufe ƙofa har washegari, ya leƙa baya ya ga ko bututun dawowa na gumi ko ya yi fari. In firjin ya yi sanyi na wasu makonni sannan ya riƙa raguwa a hankali, yoyo ne. In tun ranar farko bai kai ba, awo ne ko toshewa ko kwamfaresa. In yana yi yana ɗaukewa, laima ce, kuma diraya da bakiyum za a sake.

Mun gode da ba mu wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu sana'ar gyaran firji da na'urorin sanyaya